Fuskar Da Ban Gani Ba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da kemis a bakin iyakar Jibiya, daf da inda motocin Maraɗi ke tsayawa kafin a ɗaga musu shinge. Shago ne ƙarami, kanta ɗaya da benci ɗaya, sai firjin da ba ya aiki sai ran da aka kawo wuta. Abu biyu aka san ni da su a wajen: ba na sayar da maganin da ya lalace, kuma in na ce na ga abu, to na gan shi. Na biyun nan shi aka zo nema a wurina.

Da bazara abin ya faru, an fito daga sallar Azahar ke nan. Wata mata 'yar Nijar tana tsaye a gaban kantata, ina auna maganin tari a murfin kwalba don in nuna mata iya inda za ta riƙa ba ɗiyarta. Sai muka ji ihu. Na ɗaga kai. A tsallaken titi, kusa da rumfar masu mangwaro, wani ɗan kasuwar dabbobi da ke shigowa daga Nijar duk mako ya durƙushe yana riƙe da cikinsa. Wani mutum ya ruga ya haye babur, ya yi yamma. Duk abin bai kai tsawon karanta Fatiha ba. Na tsallaka da auduga da bandeji a hannu, amma kafin a sa shi a mota rai ya yi halinsa.

Kashegari aka kira mu, mu masu shaguna a wajen, aka ba kowa takarda ya rubuta abin da ya gani. A tsaye na rubuta nawa, na sa hannu, na koma shago. Ban sake tunanin takardar ba.

Bayan kwana huɗu sai ga taubashina. Ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina, kuma a gida ɗaya muka tashi har muka gama firamare, kwanonmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya. Shi ya zama jami'in bincike na 'yan sanda a birni, kuma shi aka ɗora wa wannan aikin. Ya shigo ba kayan sarki, ya zauna a benci ya miƙe ƙafa.

"Likitan da bai taɓa ganin ƙofar makarantar likita ba," ya ce, "mutum nawa ka kashe yau?"

Na ce, "Ku dai da ake kashe mutane a gabanku kuna neman biro."

Muka yi dariya, na aika aka sayo mana fura. Sai da muka sha sannan ya gyara zama ya ce kwanan nan ya dawo daga wani kwas, inda aka koya musu yadda ake tambayar mai shaida ba tsawa, ba mari, ba tsoratarwa. Ya ce abin da ido ya gani ba ya ɓacewa, yana nan a ajiye kamar kaya a sito, hanyar ɗauko shi ce kawai take ɓace wa mutum. Aikinsa shi ne ya nuna mini hanyar. Na ji daɗin maganar, don na san yadda wasu ke fitowa daga hannun masu bincike, ni nake sayar musu da man zafi.

Kashegari ya dawo daidai lokacin da abin ya faru. Ya sa na tsaya a bayan kanta, ya ba ni kwalbar maganin tari na riƙe, ya ce in rufe ido.

"Kada ka nemi mutumin tukuna. Me hancinka yake ji?"

Na ce warin fetur, da na mangwaron da ya fara ruɓa.

"Kunnenka fa?"

Na ce rediyon mai shayi, da wata babbar mota da ke baya-baya tana ƙara.

"To faɗa mini komai, har abin da kake ganin ba shi da amfani. Ba zan katse ka ba."

Bai kuwa katse ni ba. Da na gama ya ce in sake faɗa daga ƙarshe zuwa farko, daga lokacin da na durƙusa a kan mamacin har in dawo kan murfin kwalbar. Abin mamaki, sai ga abubuwa suna fitowa waɗanda ban san na gani ba. Jarka ruwan ɗorawa ɗaure a bayan babur ɗin. Riga mai ruwan toka. Wuƙar da ya soke shi da ita kuma a hannun hagu take, na ga ƙyallinta lokacin da yake turata cikin riga. Daga baya masu mangwaro suka tabbatar da jarkar da hannun hagun, saboda haka har yau ban ce hanyar ƙarya ce ba.

"Fuska fa?" ya tambaye ni.

Na ce ban ga fuska ba.

"Ba komai," ya ce yana rufe fayil. "Za ta zo."

Zuwansa na uku tambayoyin suka canza, amma a lokacin ban lura ba. Na rufe ido kamar yadda na saba, sai na ji ya ce, "Lokacin da ya waiwayo, ta dama ya waiwayo ko ta hagu?"

Ban taɓa cewa ya waiwayo ba. Amma an ba ni biyu in zaɓi ɗaya, kuma mai tambayar ɗan'uwana ne. Na duba a cikin kaina, sai na ce ina jin ta hagu.

"Madalla. Wasu sun ce yana da tabo a kumatu. Dogo ne ko gajere?"

Na ce ban sani ba. Ya ce in bar shi, kada in takura kaina. Ya buɗe fayil yana neman biro, sai wani hoto ya zame ya faɗo a kan kanta. Na duba.

"A'a, wannan ai mai faci ne."

"Ka san shi?" ya ce. "Ƙyale shi, ba a kansa muke magana ba."

Amma bai ɗauke hoton ba. Yana nan a gabana har muka gama hira, muka taɓa zancen ciwon ƙafar gwaggo da na auren ƙanwarsa.

Mai facin mutumin Gangara ne, yana da 'yar rumfa a bakin hanya inda yake gyaran tayoyin motoci. Bahago ne. Yana da dogon tabo a kumatun hagu, wanda ya samu ranar da wata taya ta fashe masa, kuma ni na wanke masa raunin na ɗaure. Ba abokina ba ne, amma kullum da safe mukan gaisa, kuma yakan sayi maganin ƙarin jini na matarsa a wurina.

Kwana uku bayan haka, ina alwalar La'asar a ƙofar shago, na kai ruwa fuskata ke nan, sai abin ya zo mini gaba ɗaya. Na ga mutumin a kan babur, na ga ya waiwayo ta hagu, na ga tabon, na ga idanun mai faci. Sarai nake ganinsu, har da gumin da ke goshinsa. Butar ta kuɓuce daga hannuna. Na kira taubashina a waya na faɗa masa.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ban ce maka za ta zo ba? Kai irin shaidar da ake nema ne."

Ya zo ya sa na maimaita masa, sannan ya sake sa ni, sannan ya kawo wani abokin aikinsa na maimaita a gabansa. Duk maimaitawa sai labarin ya ƙara zama daidai, kokwanton da ke cikinsa yana raguwa. Ranar da aka jera mini mutum shida a bayan ofishinsu aka ce in nuna, biyar ban taɓa ganinsu ba a duniya. Na shidan na nuna shi ba tare da na yi jinkiri ba.

A kotu na yi alwala na dafa Alƙur'ani. Mai faci ya ce a lokacin da abin ya faru yana hanyar Riko, an kira shi gyaran tayar tarakta, amma mai taraktar ya ji tsoro ya ƙi zuwa. Da na gama bayani, sai ya ɗaga murya daga inda yake tsaye, kafin a tsawata masa.

"Malam mai kemis, don Allah dube ni da kyau."

Na dube shi da kyau. Fuskar da nake gani a kan babur ita ce a gabana. Na ce wa alƙali shi ne. Ina so a fahimci wannan: ban yi ƙarya ba a ranar. Da za a tsaga ƙirjina, abin da za a tarar ke nan. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai, ni kuma mutane suna shigowa shago suna yi mini sannu da ƙoƙari.

Shekara biyar ta wuce. A tsakanin nan an rufe iyaka na wani lokaci, ciniki ya mutu, sannan aka buɗe. Wata safiya sai ga matar nan ta maganin tari, tare da ɗiyar tata da ta zama 'yar budurwa. Na gane ta, ita ma ta gane ni. Muka gaisa, zance ya kai mu ga ranar nan. Na ce mata ai an kama wanda ya yi, yana gidan yari, ni ma na ba da shaida.

"Kai ka ba da shaida?" ta ce. "Shaidar mi?"

Na ce na ga fuskarsa.

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Malam, wace huska? Mutumen ga rawani ya naɗe har hanci, kuma baya ya ba mu. Kai da bakinka ka ce mini, da ka komo hannunka duk jini, ka ce wallahi ba ka gane ko wane ne ba. Ni ma haka na hwaɗa ma wancan jami'in mai dariya, ya rubuta, ya ce in tahi an gode."

Na yi mata musu. Har fushi na yi, na ce ita mace ce a tsorace, me ta gani. Ta karɓi maganinta ta tafi ba ta ƙara cewa komai ba. Amma tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Rawanin da ta ambata, in na matsa wa kaina, sai in ji kamar akwai shi. Sai kuma fuskar ta dawo ta rufe shi.

Na yi wata guda ina juya abin kafin na nemi lauyar da aka ce tana bin ɗaukaka ƙarar mai faci. Kirista ce, 'yar kudancin Kaduna, tana da ɗan ofis a birnin Katsina, kuma don Allah take yi masa aikin. Da na faɗa mata ko ni wane ne, ta daɗe tana kallona, sannan ta jawo wani fayil ta zaro takarda ta ajiye a gabana. Ta ce da ƙyar ta samo ta, don ba a taɓa gabatar da ita a kotu ba.

Rubutuna ne. Sa hannuna ne a ƙasa. Layi na huɗu yana cewa: ya juya mini baya, kansa da rawani, ban ga fuskarsa ba.

Na karanta ya fi sau biyar. Ta ce in ba ta labarin yadda aka tambaye ni, tun daga farko. Na ba ta. A kan rufe ido da warin mangwaro, ta ce wannan daidai ne, haka ya kamata a yi. Da na zo kan waiwaye, sai ta ɗaga hannu.

"Kai ka fara cewa ya waiwayo, ko shi?"

Na ce shi.

"Tabon fa?"

Na ce shi.

"Hoton kuma, kafin a jera maka mutane ka gan shi ko bayan?"

Na ce kafin.

Ta jingina da kujera. Ta ce, "Malam, ƙwaƙwalwa ba sito ba ce. Duk lokacin da ka ɗauko abu ka mayar, ba yadda yake yake komawa ba. In an sa maka wani abu a hannu a lokacin, tare da shi za ka mayar, kuma gobe ba za ka iya bambance naka da na aro ba. Duk wanda ya yi irin kwas ɗin da ɗan'uwanka ya yi, wannan ne farkon abin da ake gargaɗinsa a kai. Kada tambayarka ta ƙunshi amsa. Kada ka nuna hoton mutum ɗaya. Kada ka yaba wa mai shaida don ya faɗi abin da kake so."

Daga ofishinta gidansa na wuce. Na same shi a tsakar gida yana wanke mota, an ƙara masa girma a lokacin. Ya gan ni ya washe baki.

"Likitan jabu! Yau wa ka bar wa marasa lafiya?"

Na miƙa masa kwafin takardar. Ya goge hannu a wando ya karɓa, ya duba, ya ninke ta ya mayar mini. Fuskarsa ba ta nuna mamaki ba ko kaɗan, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Na ce, "Ka san da wannan?"

"Ni na karɓi fayil ɗin, ya za a yi in kasa sani?"

"Hoton nan, faɗowa ya yi ko yar da shi ka yi?"

Ya kashe famfo. Ya ce mu shiga ciki, na ce a nan ma ya isa.

"Saurara," ya ce. "Muna da labari a kansa daga wani da ba zai iya fitowa kotu ba. Bahago ne, yana da babur, an taɓa jin sun yi cacar baki da mamacin. Ni a raina na tabbata shi ne. Ga manya sun matsa mana, ga mutanen can tsallake suna cewa an kashe nasu an yi shiru. Ina buƙatar mutum wanda alƙali zai yarda da maganarsa. Ni ban ce ka yi ƙarya ba. Ka tuna, ko sau ɗaya na ce ka faɗi abin da ba ka gani ba?"

Na ce, "Da ka ce in yi ƙarya, ai da na ƙi. Ka san zan ƙi, shi ya sa ba ka ce ba."

Ya ɗauki soson wankin motar yana matsewa.

Na ce, "An koya maka abin da ke ɓata tunanin mai shaida don ka guje shi. Kai kuma ka zo shagona ka yi mini su ɗaya bayan ɗaya, kana shan furata. A duk mutanen da ke bakin iyakar nan, me ya sa ni?"

"Don kai kaɗai za ka rufe ido a gabana ba tare da tsoro ba," ya ce. Bai faɗe ta da izgili ba. Kamar bayanin aiki ya faɗe ta.

Na tambaye shi ko har yanzu yana da tabbacin mai faci ne. Ya ɗan ɗaga kafaɗa ya ce wanda ya ba su labarin daga baya an gano yana da rikicin gona da shi, amma wannan ba ya nufin ƙarya ya yi. Sannan ya ce in na tayar da maganar, ni zan fara shan kunya, don ni na dafa Alƙur'ani, ba shi ba. Ya ce in tuna da gwaggo, ba ta da lafiya. Na fita ban yi masa sallama ba.

Na yi takardar rantsuwa na janye shaidata. Matar nan ta Nijar, da aka nemo ta, ta tsallako sau biyu da kuɗin motarta ta ba da nata bayanin. Duk da haka sai da aka ƙara shekara ɗaya da watanni kafin a sake shi. Taubashina ba abin da ya same shi, an dai mayar da shi wata jiha. Dangi suka rabu biyu a kaina, mafi yawa suna cewa na tona asirin gida saboda bare. Gwaggo ta rasu ba ta sake yi mini magana ba. Wanda ya yi kisan kuwa har yau ba a san shi ba.

Da damina na tafi Gangara. Aka nuna mini gonar wansa, na same shi yana noma, ya rame, furfura ta fito masa. Rumfarsa ta bakin hanya wani ya daɗe da mallake ta, matarsa kuma danginta sun raba auren tun shekara ta biyu. Na yi sallama ya amsa, ya dogara da fartanya. Na durƙusa a cikin kunya na faɗa masa komai, na roƙe shi gafara.

Ya ce, "Tashi, Malam, kada ka ɓata kayanka." Na tashi. "Lauya ta yi mini bayani. Na yafe maka don Allah. Amma faɗa mini gaskiya, yanzu in ka tuna ranar, wa kake gani a kan babur ɗin?"

Na so in ce ba kowa. Na ce, "Kai nake gani."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce to abu ɗaya yake so. A bakin iyaka har yanzu in ya wuce ana nuna shi, ana cewa lauya ce ta fitar da shi da wayo. A gaban mutane na ce shi ne, saboda haka a gaban mutane yake so in ce ba shi ba ne.

Ranar Juma'a a masallacin bakin iyaka na nemi izinin liman, bayan an sallame na miƙe. Na faɗi abin da na rubuta da farko, da yadda aka tambaye ni, da yadda fuskar ta shigo kaina. Ban ambaci sunan ɗan'uwana ba, ko da yake kowa ya san wanda nake nufi. Wasu suka tsaya suka saurara har ƙarshe, wasu suka ɗauki takalmansu tun ina tsakiya. Na ji wani a baya yana cewa an dai ba ni wani abu. Mai facin bai zo ba.

Ina neman takalmina a ƙofa sai wani dattijo mai sayar da goro, wanda ya san ni tun ina yaro, ya riƙe hannun rigata.

"Ɗana, ni ban gane ba. Wacce za mu ɗauka, ta kotu ko ta yau?"

Na ce, "Ta yau, Baba."

"To ai waccan ma rantsuwa ka yi," ya ce. Ya sake ni, ya ɗauki farantin goronsa ya bi cikin jama'a.